Na Je Ƙasar da Aka Jefo wa Wata

A hutun da ya wuce na yi tafiyar mako shida ba tare da na taka tasha ba. Guzurina laftof ɗin yayana ne, da data, da wata kujerar roba a shagonsa na gyaran waya da kwamfuta, bayan an yi sallar isha'i an rufe ƙofa. Ƙasar da na je sunanta Eorzea. Ƙannena, kada wani ya wahalar da malamin labarin ƙasa da tambaya, ba ta cikin taswirar da ke rataye a ajinku. Tana cikin wani wasan intanet ne mai suna Final Fantasy XIV, na kamfanin Square Enix da ke birnin Tokyo a ƙasar Japan.

Wasan ya bambanta da gem ɗin ƙwallo da kuke bugawa a waya, ya kuma bambanta da na harbe-harbe da ake zuba mutum 50 ko 100 a tsibiri a gama cikin minti 20. A irin wannan, dubban mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke shiga duniya guda a lokaci guda, kowa da mutumin da yake sarrafawa. Akwai birane da kasuwanni, akwai masaƙa da maƙera da masunta, akwai mayaƙa. In ka kashe kwamfutarka ka kwanta, duniyar ba ta tsayawa, domin tana zaune ne a cikin manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira saba. Taka kwamfutar taga ce kawai da kake leƙawa. Mu sabar Turai muka shiga, wadda ke Jamus, don ita ta fi kusa da mu. Ku riƙe maganar sabar nan, za mu dawo kanta.

Yaya ne ya ja ni. Wata rana ina taya shi kwance wata waya sai ya ce, "Kai da kake karantar kwamfuta a jami'a, zo in nuna maka ƙasar da aka buɗe ba ta shirya ba, har sai da masu ita suka rushe ta da hannunsu."

Na ce, "Yaya, gem ne fa."

Ya ce, "Gem ɗin da ya sa shugaban kamfani ya fito ya ba duniya haƙuri. Zauna dai."

Ya buɗe mini rajistar gwaji ta kyauta, na zaɓi mai takobi da garkuwa, aka ce irinsa daga birnin Ul'dah yake farawa.

A amalanke na isa, wasu manyan tsuntsaye masu kama da jimina suna ja. Sunansu chocobo, su ne dawakin ƙasar. Kafin mu kai ƙofar gari sai dakarun birni suka tare mu, suka bincike kayan wani ɗan kasuwa da muke tare, nan take suka ce sun tsinci haramtaccen ganye a ciki, sai ya biya tara. Na yi dariya har Yaya ya juyo. Ashe shingen hanya ko a tatsuniya halinsa ɗaya.

Ul'dah birni ne mai ganuwa a tsakiyar hamadar Thanalan. Launin ƙasa ne ko'ina, ga ƙubbobi, ga tutoci, ga maɓuɓɓugan ruwa a unguwar masu kuɗi. Sarauniya ce ke kan gadon sarauta, sunanta Nanamo, amma kowa a garin ya san wata majalisar attajirai ce ke juya al'amura. A babbar kasuwa ana cinikin duwatsu masu daraja da yadi. Daga bayan kasuwar, in ka bi wani lungu, sai ka tarar da mutane zaune a ƙasa cikin tsumma. In ka fita ƙofar gari kuma ga bukkoki jingine da ganuwa, 'yan gudun hijira ne. Wasunsu yaƙi ya koro, wasu kuma in ka yi musu magana sai su ambaci wata masifa da ta auku shekara biyar da suka wuce, ranar da wata ya faɗo.

Labarin wasan tatsuniya ce zalla, da dodanni da tsafe-tsafenta, kamar yadda Gizo yake magana da Ƙoƙi ba wanda ya ce da gaske ne. Sai dai wannan masifar guda ɗaya tana da ranarta a kalandarmu ta gaske: 11 ga Nuwamba, 2012.

Ga yadda abin ya faru. An saki wasan a ƙarshen watan Satumba na 2010, bayan kimanin shekara biyar ana aikinsa. Mutane sun ɗora masa buri, domin sunan Final Fantasy babba ne tun 1987, kuma kamfanin ya riga ya yi nasara da wani wasan intanet, Final Fantasy XI, a 2002. Kafin a sake shi an bar wasu 'yan wasa sun gwada, sun kuma yi ta kukan cewa bai nuna ba. Aka sake shi a haka.

Waɗanda suka saya suka tarar da abin takaici. In kana son buɗe jakarka ko ka sayar da kaya, sai saƙo ya je saba ya dawo kafin allo ya motsa, don haka ƙaramin abu yana cin lokaci. Kasuwa ba ta da wurin bincike, sai ka bi 'yan tireda ɗaya bayan ɗaya kana duba ko wani yana da abin da kake nema. Mutuminka ba ya iya ko tsalle, ƙaramin dutse sai ya tare shi. Akwai wata doka kuma da ke rage maka lada in ka daɗe kana wasa da sana'a ɗaya. Shafin Metacritic, mai tattara makin da masu sharhi suka bayar, ya tsayar da wasan a kan 49 cikin 100. A makarantarku wannan maki ko yabo ba ya samu.

A Disambar 2010 shugaban kamfanin na lokacin, Yoichi Wada, ya ba da haƙuri a fili. Aka sauya shugabannin aikin, aka ɗage na PlayStation 3 da aka yi alkawari, aka kuma daina maganar karɓar kuɗin wata-wata daga 'yan wasa. Ba a fara karɓa ba sai Janairun 2012. Ku lissafa: fiye da shekara guda kamfani yana biyan ma'aikata da wutar saba, ba ya karɓar kuɗin da aka gina wasan dominsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari tukunyar fure ce. Mutumin da aka damƙa wa aikin gyara, Naoki Yoshida, ya ba da labarinta a wani taron masu ƙera wasanni a San Francisco a 2014. Duk abin da kuke gani a gem, ko mutum ko bishiya, ana haɗa shi ne da ƙananan gutsattsari masu kusurwa, kuma yawansu shi ne nauyin da kwamfuta za ta ɗauka kafin ta zana shi. A tsohon wasan, tukunyar fure ɗaya da aka ajiye a gefen titi don ado tana da gutsattsari kusan 1,000, da layin umarni kusan 150 na yadda haske zai sauka a kanta. Nauyinta ɗaya da na mutum sukutum. Da kwamfutoci suka kasa ɗauka, sai aka rage yawan mutanen da za ka iya gani a allo lokaci guda zuwa 20. Wasan da aka yi don taron dubbai, sai ga shi tukwane sun kori jama'a.

Tun da na ji haka nake tsayawa a gaban kowace tukunya a Ul'dah. Na yanzu ba su da wani kyau na a zo a gani. In ka matsa kusa har kaifin kusurwarsu kana gani. Ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi a kansu ba.

Wannan ya gyara mini wani tunani. Da na ɗauka matsalar ƙarancin lokaci ce kawai. To amma shekara biyar ba kwana biyar ba ce. Lokacin ya tafi ne wurin goge tukunya, alhali ƙofar kasuwa ba ta buɗuwa. Yoshida da kansa ya ce nasarar da kamfanin ya samu a baya ta sa su ganin sun iya, ba su tsaya sun duba yadda wasanni irin su World of Warcraft suka sauya abin da 'yan wasa suke tsammani ba, sun kuma ɗauka duk abin da ya lalace za a gyara shi daga baya. Wanda ya taɓa miƙa aikin gida da niyyar zai gyara in malam ya dawo da shi, ya san wannan tunani.

A mako na biyu aikin da aka ba ni ya kai ni gabashin Thanalan. Na ratsa wani sansani mai suna Drybone, wanda yake cikin rami, kusa da wata babbar maƙabarta. Daga nan na hau wata doguwar gada a kan kwazazzabo. Ina ɗaga kai sai na hango wasu duwatsu masu ƙyalli kamar gilashi, ruwan lemo, sun murɗe sun yi sama kamar harshen wuta da ya daskare. Ana kiran wurin Burning Wall, wato bango mai ci da wuta. Yaya ya ce kada in je, ƙarfina bai kai ba. Na je. Wata dabba da ban ma gama ganin kamanninta ba ta buge ni sau biyu, na farka a sansani. Amma na ga abin da na je gani. A nan ne wani ɓangare na watan ya faɗi.

Yoshida ya duba tsohon wasan ya ga faci ba zai yi ba, domin tushen ginin ne ya karkace. Sai ya nemi izinin yin abu biyu lokaci guda: wasu ma'aikata su ci gaba da gyara tsohon don waɗanda ba su gudu ba, wasu kuma su gina sabo daga tushe. An sanar da haka a Oktobar 2011. Saura tambaya ɗaya, yaya za a yi da tsohuwar duniyar? Ana iya kashe saba kawai a liƙa sanarwa. Su sai suka mai da rufewar labari.

A tatsuniyar, Eorzea tana da wata biyu, babba da ƙarami. Ƙaramin sunansa Dalamud. 'Yan wasa suka fara lura da wani jan ɗigo a sama. Duk lokacin da aka sabunta wasan sai ɗigon ya ƙara girma. Watanni suna tafiya yana matsowa, har ya cika rabin sama, gari ya yi ja, dodanni suka fara shigowa cikin birane. A daren ƙarshe mutane suka taru a fili suna kallonsa. Da lokaci ya cika aka kashe saba, aka saki wani ɗan fim: watan ya tsage, wani ƙaton dodo mai fukafukai mai suna Bahamut ya fito daga ciki ya ƙone ƙasar, wani dattijo mai suna Louisoix ya tura jaruman zuwa shekaru masu zuwa don su tsira. Shi ke nan. Daga Nuwambar 2012 babu wasan, sai 27 ga Agustan 2013 aka buɗe sabon, da sunan A Realm Reborn, wato ƙasar da aka sake haifa. Waɗanda suka dawo suka tarar an ce shekara biyar ta wuce.

Na haɗu da ɗaya daga cikinsu. Ina zaune a bakin ƙofar Ul'dah ina jiran sabis ya daidaita, sai na ga wata 'yar wasa da wani zane a bayanta, ƙasan wuya. Yaya ya leƙo ya ce, "Gaishe ta, wannan tsohuwar hannu ce. Duk mai wannan tambarin tun tsohuwar duniya yake." Rajistar kyauta ba ta barin ka aika saƙon sirri, amma kana iya magana da na kusa da kai. Na rubuta gaisuwa da ɗan Turancina, ta amsa. Ta ce a nan inda muke tsaye, a kwanakin ƙarshe, 'yan wasa sun jera dabbobin hawansu, wasu ƙatti masu faɗin baki da ake kira goobbue, suka yi katanga da su a gaban birni wai don su tare dodanni. Sun san ba zai hana komai ba, kwanan duniyar ya riga ya ƙare a ofis a Tokyo. Suka jera duk da haka.

Na tambaye ta ko tana kewar tsohon. Ta ce wasan bai yi kyau ba, kada kowa ya ruɗe ni, amma akwai wuraren da ta saba zama da ƙawayenta da babu su yanzu, kuma babu hanyar komawa. Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Garinku in kun bar shi, ko bayan shekara 20 kuna iya komawa ku ga kufai. Garin da ke cikin saba in an kashe shi, sai hotuna da bidiyon da mutane suka ɗauka. Waɗanda suka biya kuɗin wata-wata a wancan mawuyacin lokaci, kamfanin ya rage musu kuɗi na dindindin, ya kuma sa sunayensu a jerin da ke fitowa a ƙarshen labarin sabon wasan. Jerin yana da tsawo ƙwarai.

Daga Ul'dah aka ba ni izinin hawa jirgi, wani abu kamar jirgin ruwa amma a sama yake tafiya. Na sauka Gridania, birnin da ke cikin daji, gidajen katako da injin niƙa mai juyawa da ruwa. Ban daɗe ba. Abin da zan faɗa kawai shi ne, dajin da ke kewaye da shi a tsohon wasan ya yi ƙaurin suna, domin gutsuren hanya ɗaya aka yi ta kwafa ana liƙawa har ya zama kamar raga, kowace kwana irin ta baya, mutane suna ɓata. Na yanzu ƙanana ne yankunan, amma kowanne da fuskarsa. An rage faɗi an ƙara abin gani.

Coerthas kuwa sanyi ne ya tarbe ni, dusar ƙanƙara fari fat har iyakar gani, da ganuwar dutse da mayaƙa masu sulke. A bidiyon tsohon wasan da Yaya ya nuna mini, wannan wuri kore ne shar, tsaunuka da ciyawa. A labari an ce faɗowar watan ce ta juya yanayin. A nan ma akwai wani jan gutsure na Dalamud a soke cikin ƙasa. Na lura duk inda ka je a ƙasar nan sai ka ci karo da tabon wancan dare. Wani kamfanin da ya ɓoye abin kunyarsa, ya hana a ambata. Waɗannan sun kafa nasu a tsakiyar hanya, kowane sabon baƙo sai ya tambaya mene ne wannan.

Inda na fi daɗewa shi ne Limsa Lominsa, birnin teku. An gina shi a kan fararen duwatsu da suka fito daga ruwa, gadoji sun haɗa su, tsofaffin 'yan fashin teku ne suka zama hukuma. A dandalin tsakiyar birnin akwai wani dogon dutse shuɗi mai juyawa, wanda ta wurinsa ake tafiya daga gari zuwa gari cikin ƙiftawar ido. A nan jama'a suke taruwa ba dare ba rana. Wasu rawa, wasu sun haɗa ƙungiya suna kiɗa, wasu sun sa kayan ado suna tsaye kawai a gan su, kamar yammacin sallah. Na gwada ƙirga su na bari. Fankar laftof ɗin Yaya ta yi ta kuka, amma ta zana su. Na tuna mutum 20 na zamanin tukunya.

Wannan cunkoson shi ya kawo kashi na biyu na labarin. Ko a 2013 da aka buɗe sabon wasan, mutane sun yi wa saba yawa har aka dakatar da sayar da shi ta intanet na ɗan lokaci. Amma babban abin ya faru ne a 2021. A shekarar mutane suka yi ta kwararowa, da yawansu daga World of Warcraft, ana kuma jiran wani sabon babi mai suna Endwalker, wanda zai rufe labarin da aka faro tun faɗowar wata. An sa ranar 23 ga Nuwamba. Saura mako biyu da 'yan kwanaki, Yoshida ya fito a shirin kai tsaye ya ce an ɗage zuwa 7 ga Disamba. Ya ce laifinsa ne, shi ya nace a ƙara gyara wasu wurare, lokacin gwajin ƙarshe ya matse, kuma ba zai saki abin da ba a gama gwadawa ba. Yana magana yana share hawaye. Mutane da yawa sun riga sun ɗauki hutun aiki don ranar farko, ya san da haka.

Na kalli bidiyon. Da farko na ga abin ya yi yawa, mako biyu kawai har da kuka? Amma mutumin da ya kwashe kusan shekara uku yana kwashe ɓaraguzan abin da aka saki bai nuna ba, ya san abin da ake saye da mako biyu. A ganina ya yi daidai. Babin ya fito, masu sharhi suka yaba, ba a samu irin rugujewar 2010 ba.

Sai dai ƙofa ta yi kaɗan. Kun tuna saba? Kowace tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka lokaci guda. In ta cika, sauran sai su bi layi, allo yana nuna maka mutum nawa ne a gabanka. A Disambar 2021 layin yakan kai dubbai, mutum ya jira awa biyu ko fiye. Me ya hana a ƙaro saba? A lokacin duniya tana fama da ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfuta, ga annobar korona ta hana injiniyoyi tafiya ƙasashen da sabobin suke. Da kuɗi a hannu aka rasa abin saya. A tsakiyar Disamba kamfanin ya daina sayar da wasan ga sababbin mutane gaba ɗaya, ya dakatar da talla, ya ba masu biya kwana 21 kyauta. Ba a dawo da sayarwa ba sai 25 ga Janairun 2022.

Akwai wani abu a nan da ya sa ni dafe kai. Masu bin layi sun yi ta fama da wata matsala mai lamba 2002, wadda takan jefo mutum waje bayan ya daɗe yana jira. Da injiniyoyi suka bi diddigi, sai suka gano wani ɓangare na matsalar yana cikin umarnin shiga da aka rubuta tun zamanin tsohon wasan. An jefo wata, an ƙone ƙasa, an sake gini, amma wani kuskure ya laɓe a bakin ƙofa shekara 11 yana jiran ranar da jama'a za su yi yawa. A ajinmu malami yakan ce mu rubuta umarni kamar wani zai gaje shi. Sai a nan na ga misalin.

Kada kuma ku ɗauka ɗagewa magani ce a kullum. A shekarar dai, kamfanin Amazon ya saki nasa wasan mai suna New World a ranar 28 ga Satumba, bayan an ɗage shi sau huɗu daga Mayun 2020. A makon farko mutum sama da 900,000 sun shiga lokaci guda a dandalin Steam. Ba a jima ba aka gano kurakuran da ke barin mutane su ninka kuɗin wasan, har aka rufe ciniki tsakanin 'yan wasa na ɗan lokaci, kuma cikin 'yan watanni mafi yawansu suka watse. Wata 16 na ƙarin lokaci bai hana ba. Shi ya sa in na ji an ɗage wasa, abin da nake son sani shi ne me za a yi da kwanakin, kuma an saurari waɗanda suka gwada ko an toshe kunne. Yaya kuma yana da tasa dokar, wadda na ara: ba ya biyan kuɗin wasan da bai fito ba, komai kyan tallarsa. Yakan bari a yi mako biyu ana ciki, ya ji abin da mutane suke faɗa.

Ni ma tafiyata ba ta rasa cikas ba, sai dai nawa daga gida ne. A wasan, kafin dodo ya kai hari, ƙasa takan yi alama ruwan lemo a inda bugun zai sauka, sai ka kauce. Saƙon kaucewata sai ya tashi daga shagon Yaya ya je Jamus ya dawo. Ranar da sabis ya yi rauni, a allona na riga na fita daga alamar, a wurin saba kuwa ina nan tsaye. Sau uku a dare ɗaya ina jawo wa ƙungiyarmu ta mutum huɗu faɗuwa. Na ba su haƙuri na ce daga Najeriya nake, netwok ne. Ɗaya ya ce ba komai, mu sake. Muka sake har muka ci.

Zangona na ƙarshe Mor Dhona ne, ƙasa mai duwatsun gilashi shuɗaye, da wani tabki da gawar ƙaton jirgin yaƙi ke tsaye a tsakiyarsa, wani dodo ya naɗe shi. A garin da ke wurin akwai wani mawaƙi mai yawo da aka zana da kamannin Yoshida. In ka gama wani babban yaƙi ka je ka ba shi labari, sai ya ƙara masa gishiri, ya buɗe maka irin yaƙin amma mai wuya ninki biyu. Na tsaya a gabansa na ɗan lokaci. Ban da abin da zan ba shi tukuna.

Daren da zan koma makaranta na roƙi Yaya minti 30. Kwana ɗaya a Eorzea minti 70 ne na agogonmu, don haka ban jima ba rana ta faɗi. Na koma ƙofar Ul'dah inda aka taɓa jera katangar dabbobi, na juya kyamara sama. Taurari sun fito, ga wata guda ɗaya fari. Ina cikin neman inda na biyun yake a da, sai Yaya ya ce batirin sola ya kusa ƙarewa, kuma motar asuba ba ta jiran kowa. Na kashe laftof, na ɗauko jakata na fara zuba littattafai.